Makullai Bakwai

Makullai bakwai nake ɗaurewa a haɓar zane,
in na taka su yi ƙara, Jega ta san Tumba ta fito.
Na ɗakin inji, na sito, na akwatin kuɗi,
na duron gas, na ƙofar gaba da ta baya,
na bakwai na manta abin da yake buɗewa,
shi ma ban yarda na ba kowa ba.

Ni ke awon shanshera, ni ke duba turara,
ni ke ɗaga waya, ni ke bin bashi,
ni ke tashi tsakar dare in ga ko tanki ya cika.
Ana cewa, “Matar nan namiji ce.”
Ina jin daɗi, kamar jakin da aka yaba wa kaya.

Sai taifot ya kayar da ni.
Kwana goma sha ɗaya ledar ruwa na ɗiga a hannuna,
makullai na ƙarƙashin matashi.
Shinkafar da aka jiƙa ta yi tsami a duro.
Mai mota ya taso daga Yawuri, ya ga kwado, ya juya,
buhu talatin ya ɗauka wurin maƙwabci.
Yarana huɗu na bakin ƙofa suna dara.
Ba lalaci ba ne. Ban taɓa koya musu komai ba
sai “kawo”, sai “ajiye”.

Da na miƙe, ƙafa na rawa, na sayi alli da littafi.
Na rubuta a bango: awa nawa ake jiƙo,
yadda ƙwaya ke buɗe baki in turara ya kai,
kuɗin casar buhu,
wa ake ba bashi, wa ake ba haƙuri.
Abin da na shekara goma sha biyu ina gadi a kaina
bai cika rabin bango ba.
Na ji kunya.

Makullin inji na miƙa wa Gado,
yatsuna suka ƙi saki, sai da ya ja.
Kulu ta karɓi littafi da na’urar karɓar kuɗi,
ko nawa ya shiga, wayata za ta yi tsuwa.
Mai gyaran sola ya sa wa tanki wani ɗan ƙwallo,
ruwa na kaiwa wuya, famfo ya kashe kansa.
Daren farko duk da haka na farka,
na tsaya tsakar gida ina saurare.
Babu abin da ke zuba.
Na koma ɗaki, ashe na manta yadda ake barci.

Kada in yi ƙarya, an yi ɓarna.
Gado ya ƙona tukunya guda.
Faɗa ya zo min har leɓe, na haɗiye,
na ce, “Mi kag gani?”
Ya ce, “Icce ya yi yawa, Inna.”
Da kansa ya ƙara layi a bango,
rubutunsa karkatacce a ƙarƙashin nawa.
Kulu ta tono bashin da na manta tun bara,
ta kuma tono ɓarawon akwati:
ni ce, mai ɗibar kuɗin cefane ba rubutu.

Jiya na tafi suna Aliero,
na zauna har aka kwashe kwanuka.
Sau tara waya ta yi tsuwa a jaka.
Da yamma na shigo ta baya, ba wanda ya gan ni.
Inji na ruri, ƙaiƙayi na tashi,
Gado na koya wa sabon yaro ɗinkin buhu
da kalmomina, har da tsakina.

Na daɗe a tsaye.
Wani abu ya ɗan soke ni a ƙirji:
ashe ana iyawa ba ni.

Na shafa haɓar zane, makulli ɗaya ya rage,
wancan da ban san ƙofarsa ba.
Ba ya ƙara, ba shi da abokin karo.
Yanzu in na fito, Jega ba ta jin tafiyata.
Injin take ji.